Darasi na 12: Sharar Tsakar Gida

Kafin damina ta faɗi mukan gyara gida. Mukan sare rassan darbejiya da suka hau kan soro. Mukan kwashe turken awaki, mu yi yaɓe, mu share tsakar gida. In an gama, sai mu ga shara ta taru tuli guda a ƙofar zaure. To, ina za mu kai ta?

Waɗansunmu sukan aiki yara su zuba a kwata, ko a kududdufi, ko a rafin Jakara. Wannan kuskure ne babba. In kwata ta toshe, ruwan Agusta ya rasa hanya, sai ya kwanta a gindin katanga. Ginin ƙasa ya jiƙa ya zube, wani lokaci a kan mutane. A kwantaccen ruwa kuma sauro yake yin ƙwai, cikin kamar kwana 10 ya tashi ya kawo mana zazzaɓi.

Waɗansu kuwa wuta suke sa mata. Amma lungunan birni matsattsu ne, hayaƙi yana cutar da yara da tsofaffi, gobara kuma ba ta san gidan maƙwabci ba.

Kakanninmu sun san abin da ya fi. A shekarun 1960 jakuna sukan shigo ta ƙofofin ganuwa da itace, su fita da mangala cike da taki. Da wannan taki ne manoman kewayen Kano suka yi ta noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. A lokacin kusan duk shara mai ruɓewa ce. Yanzu leda da kwalba sun shiga ciki. Leda ba ta ruɓewa, akuya kuma in ta ci tana iya mutuwa. Saboda haka sai mu kasa shara kashi 4:

1. Rassa: mu shanya su, su zama itacen girki.
2. Ƙasar tsohuwar katanga: mu cike kwarin tsakar gida da ita.
3. Ƙarfe da gwangwani: 'yan jari-bola suna saye. Leda da fasasshiyar kwalba kuwa mu kai wurin da aka keɓe don motar shara.
4. Ganye, ciyawa, toka da kashin dabbobi: wannan shi ne taki.

Mai sarari a gida ya haƙa rami nesa da rijiya, zurfinsa ƙafa 2. Ya shimfiɗa ganye, ya bi da kashin awaki, ya barbaɗa toka kaɗan, ya yayyafa ruwa. Haka bisa haka har ramin ya cika. Ya riƙa juyawa bayan kowane mako 3. Bayan kamar wata 3 zai ga ya yi baƙi, ba wari. Wanda ba shi da sarari ya ɗura a buhu, ya kira manomi.

In mun yi haka mun tsare katangarmu, mun tsare lafiyar 'ya'yanmu, gona kuma ta samu abinci. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa in kwata ta toshe?
2. Da me jakuna suke fita daga birni a da?
3. Rubuta abu 4 da ake yin taki da su.