Ku Bar wa Ƙasa Saiwar Wake

Samari, ku da kuka karɓi lambu daga hannunmu, tun da kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo kukanku ɗaya ne: ƙasa ta gaji. Fangalin da a da yake cika kwando da tumatir, yanzu sai an ɗura masa yuriya kafin ganye ya yi kore. Kuna da gaskiya, ƙasa tana gajiya. Amma kafin ku fita neman bashin buhu, ina so ku yi mini abu guda, domin gani ya kori ji.

Ku sami wake da ya yi kamar sati shida da shuka. Kada ku fizge shi, ku sa fartanya ku ɗago shi da ƙasarsa, ku wanke saiwar a bokiti a hankali. Za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai ƙwayar dawa. Ku ɓalle ɗaya, ku fasa da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar ɓarin jan goro, to ana aiki a ciki. In fari ne bai fara ba, in ya koma kore ko baƙi ya gama nasa. Na sha ganin yaro ya tono wannan ya ce wakensa ya kamu da cuta, alhali taki ne yake riƙe da shi a tafin hannu.

Ga abin da ke faruwa. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wato sinadarin da kuke saye a buhun yuriya. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 nasa. Sinadarin yana nan birjik a saman kowace gona, sai dai masara da gero da tumatir ba su da hanyar kama shi. Wake da gyaɗa da gujiya da waken suya kuwa Allah ya haɗa su da wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa, waɗanda masana ke kira Rizobiyam. Sukan shiga saiwa, shukar ta gina musu ɗaki, ta riƙa sauko musu da abinci daga ganye, su kuma su kama naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa su miƙa mata. Iyayenmu ba su san sunan ba, amma ba ka taɓa ganin gonar geronsu babu giccin wake. Ko masu binciken noma na IITA da ke Kano a kan wannan suka ɗora, da suka ba da shawarar layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake.

Inda nake so ku tsaya ku saurara shi ne nan. Shuka wake kaɗai ba ta isa ba. Yawancin abin da ya tara yana tafiya ne cikin ƙwayarsa da harawarsa. In kuka roro waken, kuka tumɓuke shi da saiwa, kuka ɗaure harawa dami-dami kuka kai kasuwa, me kuka bar wa ƙasa? Ni kaina na yi wannan kuskure shekaru uku a jere, lokacin ina sabon ango, buƙata ta yi yawa. Fangulan nawa nakan share su tas kamar tsakar gida, in tara ragowar in cinna wuta. Da kabejina ya fito rawaya-rawaya, mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yi mini faɗa ba. Kai ni ya yi bakin shinge inda na manta ban share ba, ya sa hannu ya damƙo ƙasar, baƙa, mai laushi, har da tana a ciki. Ya miƙo mini, ya juya ya tafi. Har yau ina tuna sanyinta a hannuna.

Ban ce kada ku amfana da harawa ba. Na san darajarta a bazara, na san abin da take kawowa in layya ta matso. Amma ku yanke ta da lauje daidai ƙasa, ku bar saiwar ta ruɓe a inda take. In kuna da akuya ko tunkiya, ku ba su, ku kwashe takinsu ku mayar wa fangalin da harawar ta fito. Gyaɗa da gujiya dole a tone su, don haka su sun fi buƙatar a mayar musu da wani abu. Waken suya yakan zubar da ganye kafin girbi, ku bar shi a wurin. Wuta kuwa ku rabu da ita, domin naitirojin da ke cikin ganye iska yake komawa idan aka ƙona.

Ga mai lambu abin da sauƙi. Kun cire tumatir da albasa na rani, ruwa ya sauka, kada ku bar fangula ga ciyawa. Ku zuba wake. Guda ɗaya ko biyu ku sadaukar da su: da zarar waken ya fara fure, ku sare shi ɗanye, ku binne da fartanya, ku jira sati biyu zuwa uku ya ruɓe, sannan ku dasa abin da ke son ganye, irin su kabeji da alayyafo da latas. Da ciwo ka binne waken da ka ga ya yi kyau, na sani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada ku ɓata yuriya a kan wake. In ya sami naitirojin na banza a ƙasa sai ya yi kasala, ƙullin saiwar ya ragu, ya yi ta yabanya. Abin da yake so shi ne takin supa, a sa tun lokacin shuka. Waken suya kuma, a ƙasar da ba ta saba da shi ba, yakan rasa irin nasa ƙwayoyin Rizobiyam. Akwai baƙin gari da ake cuɗa iri da shi, kamar Nodumax da IITA ke yi a Ibadan. A inuwa ake cuɗawa, a shuka a ranar, don rana tana kashe su. Ku kuma lura: ƙulli mai amfani a gefen saiwa yake, yana ɓallewa da yatsa. In saiwar ce da kanta ta kumbura, wannan tsutsar ƙasa ce, wadda ke cin tumatir da kuɓewa, kuma tana iya zama a wake. Irin wannan fangali a sa masa masara ko dawa tukuna.

Sai gawo, wanda shi ma ɗan dangin wake ne. Da damina yake kaɗe ganye, ya bar wa shuka rana da taki, da rani ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. Ku dubi geron da ke ƙarƙashinsa ku gwada da na fili. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suka riƙa barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, har itatuwa suka dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. In kuka ga ɗan gawo ya tsiro a gefen lambu, ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki. A shekarun farko za ku ga kamar ba ya motsi, saiwa ce yake turawa ƙasa neman ruwa. Ku rage masa rassan ƙasa, ku bar guda ɗaya mai ƙarfi ya miƙe.