Babur Mai Hayaƙi: Yadda A Ke Sayensa Da Yadda A Ke Kiwonsa

A zamanin kakanninmu, in mutum zai sayi doki, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya hau ya zaga, kana ya yi ciniki. Yau a Kafinsoli da ƙauyukan ƙasar Kankiya da Kusada babur ya zama dokin talaka. Da shi a ke zuwa gona, da shi a ke kai buhu kasuwa, da shi kuma a ke kai mara lafiya asibitin Kankiya da tsakar dare. Mutum ya kan sayar da amfanin gonarsa na shekara guda domin ya sayi tsohon babur. In ya lalace a hannunsa, wahalar damina ɗaya ta tafi a banza.

Iri Biyu Ne

Injin babur iri biyu ne. Akwai mai bugu huɗu, kamar Boxer. Akwai kuma mai bugu biyu, wanda ka ke ganewa da ƙararsa mai kaifi da shuɗin hayaƙinsa. Daga cikinsu akwai Suzuki AX100, da Jincheng ɗin da aka yi bisa fasalinsa, da Yamaha DT, da AG100 mai doguwar ƙafa, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1973 saboda manoma da hanyoyin daji. Mai bugu biyu ba shi da nauyi, yana da ƙarfi cikin rairayi, kayan cikinsa kuma kaɗan ne.

Amma ga abin da ya kamata ka riƙe. Mai bugu huɗu yana da wurin da baƙin mai ya ke kwanciya a gindin inji, yana shafa ƙarafa. Mai bugu biyu ba shi da wannan, gama fetur da iska ta gindin injin su ke bi kafin su hau inda wuta ta ke cinsu. Saboda haka tilas mai ya bi fetur, ya shafi pistin, sa'an nan su ƙone tare. Hayaƙin nan da ka ke gani, man ne ya ke ƙonewa. Watau ko wane lokaci injin yana cinye man da ke tsare ransa. Ran da man ya yanke, pistin ya yi zafi, ya kumbura, ya kama bangon bulok, sai ka ji an ce inji ya buga.

Ran Saye

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da safe, ka taɓa inji ka ji da sanyi, gama mai wayo ya kan ɗumama shi tun ba ka iso ba. Ka taka kik a hankali. In ya tokare ƙafarka, zoben pistin yana da sauran rai. In ya faɗa sakaka, sai ka lissafa kuɗin sabon zobe, watakila har da pistin, ka rage a cikin ciniki. Ka tayar, ka saurara. Ƙarar ƙarfe na dukan ƙarfe ba alheri ba ce.

Sa'an nan ka nemi takardu, ka gwada lambar da ke jikinsu da wadda aka buga a jikin inji da wuyan babur. Wannan ba wasa ba ne a ƙasarmu. A 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Caranci saboda sha'anin tsaro. Kada ka biya sai da shaidu da takardar ciniki.

Mai

Kamfanin Yamaha ya fito da ɗan famfo a 1964, wanda ke ɗibar mai daga ƙaramin tanki yana zuba wa inji gwargwadon gudu. Yawancin baburan nan suna da irinsa. Ka duba tankin nan ko wace safiya, kamar yadda ka ke duba ruwan dabbarka. In famfon ya mutu, ko an cire shi, sai ka gauraya da hannu: fetur lita 4, mai mililita 125, watau kashi 1 ga kashi 32. Ka girgiza su gauraya sosai.

Man da aka rubuta 2T a jikin robarsa shi ne nasa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya hau, waɗansu su ka shiga rage 2T, waɗansu kuwa su na zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota. Wannan tsimi ne na hasara. Tsohon mai cike ya ke da garin ƙarfe, ya kan toshe salansa, ya ci zobe. Kada kuma ka manta, giya da kuloci su na da nasu man dabam, wanda a ke juyewa loto loto.

Iska

Abokin gāba na biyu ƙura ce. Da hunturu, bisa hanyar burji, ƙurar da ta shiga inji ta haɗu da mai, ta kan goge pistin kamar yadda dutse ke wasa wuƙa. Akwai soso a bayan kafireta mai tace iska. Ko wane mako ka cire shi, ka wanke da kananzir, ka matse, ya bushe, ka ɗiga masa ɗan mai, ka mayar. Kada ka yarda a cire shi wai don babur ya ƙara gudu.

Filogi Shi Ne Shaida

In kana so ka san lafiyar inji, kwance filogi ka duba bakinsa. In ya yi ƙasa-ƙasa kamar ƙosai mai kyaun suya, lafiya lau. In ya yi baƙi da danshi, mai ya yi yawa ko soso ya toshe. In ya yi fari fat, inji na ƙishirwa, yana zafi. Kada ka hau, kai shi wurin bakanike. In an sa sabon zobe, ka tafi sannu sannu har kilomita 500. Sarƙa kuwa ka riƙa wanke ta kana sa mata mai, ka bar ta da ɗan sako-sako misalin yatsa biyu. Hular kwano kuma kada ta rabu da kanka, gama a kan sami pistin a kasuwa, ba a samun kai.

Tambayoyi

1. Don me mai bugu biyu ya ke hayaƙi?
2. In fetur lita 8 ne, mai mililita nawa za ka zuba?
3. Me farin filogi ya ke nunawa?