Sayen Ƙasa a Ƙauyukan Tsaunin Mambila: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Auna

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa hawa tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, da wuya ya sauko bai yi sha'awar mallakar gona ko makiyaya a can ba. Ƙasa ce mai tudu wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, ga sanyi, ga ruwan sama na fiye da rabin shekara, ga ciyawa shar iyakar ganin ido. Idan kuma ya tambayi kuɗin fili a ƙauye, sai ya ji abin da bai kai na ɗan shago a Legas ko Anaca ba. To, wannan arha tana da dalili, kuma wajibi ne mai jari ya fahimci dalilin tun kafin ya kwance bakin lalitarsa.

Mazauna ƙauyukan, watau Mambila da Fulani da Kaka da Panso da Kambu, da kuma Hausawa 'yan tireda, noma da kiwo ne sana'arsu, Fulatanci kuwa shi ne harshen ciniki. Ana noman masara da gwaza da dankali da ayaba da fiya da kofi, sa'an nan akwai gonakin ganyen shayi a Kakara, inda ake sarrafa shayin Highland Tea. Saboda tudu da sanyi ƙudan tsando bai sami wurin zama ba, shi ya sa shanu suka yi albarka a wurin. Yankin ya shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, kuma har yau hulɗarsa da Kamaru ba ta yanke ba, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna.

Dalili na farko na arhar ƙasa shi ne hanya. Tun a 1826 wani masanin tattalin arziki na Jamus mai suna von Thünen ya bayyana cewa darajar gona ita ce abin da ya rage wa manomi bayan an cire kuɗin noma da kuɗin kai amfani kasuwa. Gwargwadon nisan gona da munin hanya, gwargwadon raguwar wannan saura, har a kai inda ƙasa mai albarka ba ta da wata daraja a idon ciniki. Wanda ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti, ya iso Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan ya kama hawa mai lanƙwashe-lanƙwashe zuwa Maisamari da Nguroje kafin ya shiga Gembu. Tafiyar tana cinye mafi yawan yini, alhali wannan ita ce hanya mai kwalta. Daga Gembu zuwa ƙauyuka sai babur ko tsofaffin motocin Land Rover, kuma ƙauyukan hayin kogin Donga sun daɗe suna dogara ga kwale-kwale. Mai zuwa daga kudu ma yana da nasa cikas, domin karyewar gadar Namnai a kan hanyar Wukari zuwa Jalingo a 2024 ta nuna yadda gada guda take iya tsayar da cinikin jiha. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa ya ƙara wa kowane buhu nauyin kuɗin mota.

Abin da wannan ke nufi shi ne, ba kowace haja ce ta dace da wurin ba. Ayaba da fiya suna da nauyi, ba su da tsada, kuma ba su jure kwana a hanya, saboda haka mai gonarsu zai iya samun yabanya mai kyau amma ya tashi a tutar babu. Busasshen ganyen shayi da kofi da zuma kuwa kuɗinsu ya fi nauyinsu, suna kuma jiran mota ko ta makara. Shanu su ne hajar da ke kai kanta kasuwa da ƙafarta. Ba banza ba ne aka ga waɗannan su ne suka fi fita daga tsaunin.

Dalili na biyu, wanda ya fi na farko haɗari, shi ne haƙƙin mallaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma tsarin mulki na 1999 ya ba ta kariya. Watau abin da mutum ke saye izinin zama da amfani ne kawai. A karkara ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izini na al'ada, wanda bai wuce hekta 500 ba don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai fa da yardar gwamna. Ba a kuma sayar da wannan izini ko jinginar da shi ba tare da amincewar hukuma ba. Wanda yake ganin wannan ƙa'ida ta takarda ce kurum, ya tuna da shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda a 1989 Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba. Takardar ciniki mai sa hannun dagaci da shaidu tana da amfaninta a tsakanin jama'a, amma banki ba ya ba da rance a kanta.

Ko takardar hukuma ma ba ta wadatar a Mambila, domin fili guda yakan kasance yana da masu iƙirari biyu: makiyayin da ke riƙe da takardar makiyaya, da zuriyar manoman da ke cewa gonar kakanninsu ce aka bar ta ta huta. Irin wannan saɓani yana cikin abin da ya haddasa rikicin watan Yuni na 2017, wanda aka yi asarar rayuka da dabbobi masu yawa. Baƙon da ya sayi fili daga hannun mutum ɗaya, bai ji ta bakin sauran magada da maƙwabtan gona ba, ya sayi rigimar da ta girme shi. Ya kamata a kai safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban kowa, a bincika a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar ƙasa a Jalingo, kana a biya kuɗi.

Akwai kuma masu sayen fili da fatan samun diyya ko hauhawar farashi idan aikin wutar lantarki na Mambila ya tashi. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar kimanin dala biliyan 5.8 da wasu kamfanonin Sin don samar da megawat 3,050, amma taƙaddama da kamfanin Sunrise Power ta kai gaban kotun sasanci a birnin Faris, shekaru suka shuɗe ba a ga madatsa ba. Bugu da ƙari, idan gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, dokar 1978 ta tanadi diyya ne a kan gini da shuka da sauran gyaran da aka yi, ba a kan tsurar ƙasa ba. Mai fili fayau, babu ko bishiyar turare a ciki, kada ya sa rai da yawa.

Dangane da yawon buɗe ido, abin gani ba ya kaɗan. Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mai da na ƙasa a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, inda masu bincike daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand suka daɗe suna aiki. Sai dai baƙi sun fi zuwa da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, don haka mai niyyar gina masauki ya lissafa cewa ɗakunansa za su yi watanni a rufe, kuma wuta da ruwa shi zai samar wa kansa.

Wanda ya ƙudura niyyar saye duk da haka, ya fi masa ya fara da haya ko aron gona na shekara ɗaya ko biyu. Ziyarar duba fili kuwa ya yi ta a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, ya kuma tambayi direbobin tasha nawa suke ɗaukar buhu daga ƙauyen zuwa Nguroje a wannan wata.