Kowane Motsi da Tsokarsa: Darasi ga Masu Ɗaga Ƙarfe

A 'yan shekarun nan samarinmu sun shiga sha'awar ɗaga ƙarfe. Za ka ga an cika gwangwani biyu da siminti, an soka sandar ƙarfe a tsakani, ana ta ɗagawa bayan an tashi daga aji. Abin yana da kyau, domin lafiya uwar jiki ce. Sai dai mun lura yawancinsu wurare biyu kawai suke horarwa, wato ƙirji da damtse, domin su ne ake gani idan an tuɓe riga. A wannan darasi muna so mu nuna wane motsi ne yake aiki da wace tsoka, kuma me ya sa bai kamata a bar sauran ba.

Yadda tsoka take aiki

Allah ya gina jikin baligi a kan ƙasusuwa 206, ya ɗaure su da tsokoki sama da 600. Tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa. Saboda haka suke aiki bibbiyu. Idan ka lanƙwasa hannu, tsokar gaban damtse ce ta ja. Idan ka miƙe shi, ta bayan damtse ce ta ja. In aka ƙarfafa ɗaya aka bar 'yar'uwarta, gaɓar da ke tsakaninsu ce take shan wahala.

Motsi biyar da tsokokinsu

1. Turawa. Ko mutum ya kwanta a benci ya tura ƙarfe sama, ko ya kifa ciki ya ture ƙasa da tafin hannu, tsokokin ƙirji, gaban kafaɗa da bayan damtse ne suke aiki.

2. Ɗagawa bisa kai. Wannan aikin kafaɗu ne da bayan damtse, ciki kuma yana riƙe gangar jiki. Mai daka a turmi da su take ɗaga taɓarya.

3. Ja. Idan ka rataye a sanda ka ja jikinka sama, ko ka sunkuya ka jawo ƙarfe zuwa cikinka, manyan tsokokin gadon baya ne suke aiki tare da gaban damtse. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi ya san su.

4. Tsugunawa da kaya a kafaɗa. Nan gaban cinya da mazaunai ne suke ɗaukar nauyi. Ɗalibin da aka taɓa sa shi tsallen kwaɗo ba ya bukatar bayani, domin cinyoyinsa sun gaya masa washegari.

5. Ɗaga kaya daga ƙasa. Wannan ya haɗa bayan cinya, mazaunai, tsokokin da ke bin ƙashin baya, da na riƙo a hannu. Shi ne ya fi kama da aikin yau da kullum, kuma shi ne ya fi haɗari in an yi shi ba daidai ba.

Lanƙwasa hannu da ƙarfe, wanda samari suka fi so, ƙaramar tsoka kawai yake horarwa.

Darasi daga kasuwa

Mu dubi 'yan dako a Kasuwar Daji ranar cin kasuwa, suna loda buhunan gero da dawa a mota, wasu buhunan sun kai kilo 100. Gwani a cikinsu ba ya sunkuyar da baya ya fizgo buhu. Yakan matso kusa, ya karya gwiwa, ya miƙe da ƙarfin cinya, buhun na manne da jikinsa. Haka ɗan dambe: naushin da ke kayar da mutum daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, hannu kuwa isarwa kawai yake yi. Ruth Ogbeifo, wadda ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, da ƙafafu da ƙugu ta tayar da ƙarfen kafin hannu ya karɓa.

Dalilin wannan hattara shi ne, tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu fayafai masu taushi da ke hana su gogar juna. Idan aka ɗaga kaya mai nauyi da baya a tanƙware, faifai yana iya gocewa ya danne jijiya, ciwo ya sauka har ƙafa. Yaron da ya ji wannan rauni yana shekara 16 yana iya fama da shi a gona da wurin aiki har tsufansa.

Shawarwari

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ba da shawara yara daga shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki na minti 60 kullum, su kuma yi aikin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Wannan ya shafi 'yan mata kamar yadda ya shafi maza. A fara da ɗumama jiki. A zaɓi nauyin da za a iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da baya ya tanƙware ba. Wanda ya tura yau, ya tabbata ya ja shi ma. A bar tsokar da ta wahala ta huta kwana ɗaya ko biyu, domin a lokacin hutu da barci take girma. Kada a kwanta ƙarƙashin ƙarfe sai da abokin da zai tare shi. A ci wake, gyaɗa, ƙwai da nono. Ƙwayoyi irin su tiramadol ɓoye ciwo suke yi, ba sa ƙara wa tsoka komai, ƙarshensu jaraba ce.

Manzo Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa a 1 Korintiyawa sura 12, inda ya nuna cewa gaɓoɓin da ake rainawa ba a iya yi sai da su. Haka abin yake a filin wasa. Baya da cinya ba sa fitowa a hoto, amma su ne za su ɗauke mu zuwa gona da sujada shekaru masu yawa. Allah ya ba mu hikimar kula da jikin da ya ba mu amana. Amin.