Kada Ka Buɗe Lagireto da Zafinsa

Kowace shekara, da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, sai ka ga tsofaffin motoci a gefen titi, bonet a ɗage, tururi na tashi. Ga Fijo 504 irin ta Kaduna, ga Golf, ga bas-bas na haya da shekaru suka ci ƙarfinsu. Mota ta yi zafi ba abin kunya ba ne. Abin takaici shi ne direbobi da yaran mota da ake kwasa zuwa asibiti, fuska da hannu a saɓule, don kawai sun yi garajen murɗa murfin lagireto.

Jama'a, ku saurara. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Na cikin lagireto kuwa murfi ya danne shi, yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ku dubi mai dambu. Takan ɗora madambaci a kan tukunya, ta liƙe tsakaninsu da tsumma da ƙullu don kada tururi ya sami mafita. In ta zo saukewa sai ta janye itace, ta dakata, ta kawar da fuska, sannan ta ɗaga a hankali. Ita da tukunyarta ba ta kai zafin injinka ba! Kai kuma ka zo da ɗan ƙyalle, fasinja na yi maka ihu, ka murɗa. Nan take ruwan zai yi tsiri ya wanke maka fuska. Wannan ba jarumtaka ba ce, wauta ce. Jikin nan amanar Allah ce, kuma za a tambaye ka. Kashe inji, ka jira aƙalla rabin sa'a. Kada kuma ka sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan inji na iya tsagewa. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, a yi ta kwarara wa ƙunar ruwa mai sanyi minti 20, a wuce asibiti. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki.

In inji ya huce, gano ciwon ba wuya. Ruwa a ƙasa, tiyo ne ya fashe, ko lagireto ko famfon ruwa na yoyo. Zafi a cunkoso kaɗai, a duba fanka. Zafi a kan gudu, lagireto ya toshe da tsatsa da dattin ruwan rijiya. Ƙara kamar fito, fanbel ya saki. In baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, salansa na fitar da farin hayaƙi, gaskit ya ƙone. Kada ka ƙara tuƙa motar, a jawo ta wurin bakanike.