DARASI: BA DA LABARI DA WAYA A AJIN LARABCI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wata rana na ce wa wani ɗalibina da ya haddace Ajuruma ya faɗa mini da Larabci abin da ya yi jiya. Sai ya yi shiru. Ya san fa'ili, ya san maf'uli, amma ya kasa haɗa jimla uku a kan rayuwarsa. Laifin namu ne malamai. Shekara da shekaru muna sa Zaidu yana dukan Amru a kan allo, ba mu taɓa tambayar yaro labarin gidansu ba.

Koyarwa ta hanyar labari ba baƙuwa ba ce gare mu, domin Suratu Yusuf mai ayoyi 111 ƙissa ɗaya ce. Kayan aikin ne sababbi. A shekarun 1990 Joe Lambert da Dana Atchley suka fara koya wa mutane a Kalifoniya haɗa ɗan fim na minti 2 zuwa 3 da muryarsu da hotunansu. Yau wayar hannu ta isa wannan aiki. Ita kuwa Jami'ar Istanfod ta Amurka ta yaɗa wata hanyar tsara aiki mai matakai biyar, wadda ke farawa da fahimtar mutumin da za a yi wa aikin. Ga yadda muka haɗa su biyun a darasin fi'ili mali.

Na farko, sauraro. Kowane rukuni na ɗalibai huɗu ya je wurin wani dattijo a zango ya tambaye shi yadda iyayensa suka zo Gana. Nan yara suka ji zancen fataucin goro, da kasuwar Salaga, da yaƙin 1892 wanda ya watsa mutanenta, ciki har da Alhaji Umaru, babban malami da ya koma Karaci ya rasu can a 1934.

Na biyu, fayyace buƙata. Wa zai kalli fim ɗin? Muka ce ƙannenmu na makaranta, waɗanda Larabcinsu bai yi nisa ba. Ke nan jimlolin su zama gajeru, kalmomin kuma sanannu.

Na uku, shawara. Kowa ya kawo ra'ayinsa a rubuta a allo, ba a kushe na kowa sai an gama tattarawa, sannan a zaɓi ɗaya.

Na huɗu, gwajin farko. A raba takarda gida shida, kowane gida da zane ɗaya da jimla biyu ta Larabci. A nan nahawu ke shigowa, don wanda zai ce kakarsa ta yi tafiya dole ya tuna da ta'in mace. Sai malam ya duba takardar kafin a ɗauki murya.

Na biyar, nunawa. A tara ƙannen su kalla, a tambaye su me suka fahimta. Wani rukuni ya ga yara sun ɓace masa a tsakiyar labari saboda saurin magana, ya koma ya sake ɗauka.

Sai a kiyaye abu uku. A nemi izinin dattijo kafin a ɗauki muryarsa ko hotonsa, kada kuma a tura fim ɗin WhatsApp sai ya yarda. Kada a ƙara gishiri a maganarsa, domin amana ce. Inda makaranta ta hana ɗalibai waya, a bi doka, a yi aiki da ta malam.

'Yan'uwa, dattawanmu suna ta tafiya, kowane kuma yana tafiya da abin da ya sani. Aikinku na wannan wata: kowa ya zauna da kakansa, ya rubuta jimla goma sha biyu ta Larabci daga abin da ya ji, ya kai wa malaminsa ya gyara. Ɗalibin nan da ya yi shiru, shi ya karanta labarin rukuninsu ba tare da duba takarda ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Wassalamu alaikum.