Ƙungiyar Injiniyoyi da Dukiyar Ɗan Kasuwa: Nazari Daga Potiskum

Ɗan kasuwar garin Potiskum ba ya bukatar mai ba shi shawara idan zai sayi sa a kara. Da ido da tafin hannu yake gane lafiyar dabba da abin da za ta kawo a Kudu. Amma ran da ribar shanun ta taru, ya ƙudura gina gidan mai, ko kafa injin casar shinkafa, ko haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, sai wannan gwaninta ta daina yi masa amfani. Ba zai iya duban ginshiƙi ya san yawan rodin da ke cikinsa ba, balle ya san ko wayar da aka ja za ta ɗauki nauyin injin. Dole ya dogara ga wanda ake kira injiniya, alhali a bakin jama'a duk mai riƙe da sifana ko awon tef injiniya ne.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da irin wannan ciniki, wato inda mai sayarwa ya san kayansa, mai saye kuwa bai sani ba. Abin da yakan biyo baya shi ne mai saye ya bi araha, tunda ba shi da wani ma'auni sai farashi, ƙwararre kuma ya rasa aiki domin ba zai iya karya kuɗinsa kamar ɗan ka-ci-ka-ci ba. Asarar ba ta fitowa sai bayan damina biyu ko uku, lokacin da bango ya tsage. Domin toshe wannan kafa ne ƙungiyoyin masu sana'a suke tantance 'ya'yansu, suna kuma ci gaba da horar da su.

A Nijeriya hukumomi biyu ne ke wannan aiki, kuma mutane kan rikita su. Ta farko ita ce Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, NSE, wadda wasu matasan injiniyoyi da ɗalibai 'yan ƙasar nan suka kafa a birnin Landan cikin 1958. Ƙungiya ce ta masu sana'a, tana da hedkwata a Abuja da rassa a jihohi, har da reshen Damaturu. Ta biyu ita ce majalisar COREN, wadda dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa, aka yi wa dokar gyara a 1992 da kuma 2018. Ita ce hukumar gwamnati da ke riƙe da rajista, kuma a doka sai wanda sunansa ke cikin rajistar yake da ikon kiran kansa injiniya ko buga hatimi a kan zanen aiki. A taƙaice, ƙungiya ce ke reno, majalisa ke ba da izini.

Renon yana farawa tun daga makaranta, inda ake karɓar ɗalibi a matsayin ɗan ƙungiya mai koyo. Idan ya sami digiri sai ya hau mataki na biyu, amma digirin bai mai da shi cikakken injiniya ba. Sai ya yi aƙalla shekara 4 yana aiki, a ƙarƙashin kulawar wanda ya riga shi rajista, sa'an nan ya rubuta rahoton ayyukan da ya sa hannu a ciki, ya fuskanci jarrabawa, ya kuma zauna gaban dattawan sana'a su yi masa tambayoyi. A nan ne ake bambanta wanda ya yi lissafin tubali da kansa da wanda ya tsaya a inuwa yana kallo. Wanda ya haye shi ne ke ɗora haruffan MNSE a bayan sunansa. Haruffan FNSE kuwa na waɗanda suka daɗe ne, aka kuma shaidi aikinsu.

Bayan rajista karatun bai ƙare ba. Rassa kan shirya laccoci da ziyarar wuraren aiki, sassan ƙungiyar na masu gine-gine da lantarki da injuna da aikin gona kan yi nasu kwasa-kwasan, ga kuma babban taron shekara-shekara, wanda Kano ta karɓi baƙuncinsa a 2019. Wani zai ɗauka taron cin abinci ne da raba jaka, kuma ba a rasa masu zuwa domin hakan. To amma wanda ya bar jami'a kafin farantan hasken rana su cika kasuwa, in bai sake zama a aji ba, da ƙa zai auna batir da famfo, kuɗin mai rijiya ne kuma zai biya kuskuren.

Wannan tsani yana kai mutum nesa. Injiniya Mustafa Balarabe Shehu daga Kano ya shugabanci ƙungiyar, daga baya kuma a 2023 ya zama shugaban tarayyar ƙungiyoyin injiniyoyi ta duniya. A shekarar ce kuma aka karɓi COREN a matakin wucin gadi cikin yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna ta hanyarta. A 2024 Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta riƙe shugabancin NSE.

Sai dai matakin farko na tsanin ne ya fi wuya ga ɗan Potiskum. Shekarun nan 4 suna bukatar aiki na gaske da ubangida mai rajista, su kuwa irin waɗannan iyayen gida sun fi taruwa a ma'aikatun Damaturu, tafiyar kusan kilomita 100, ko a Kano da Abuja. Manyan kwangiloli, kamar aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka bayar a 2006, kan ɗauki wasu matasa, amma kwangila tana ƙarewa. Saboda haka saurayin da ya dawo gida da digiri yakan zaɓi ɗayan biyu: ya yi ƙaura, ko ya shiga saye da sayarwa har ilmin ya dushe. Garin da ya yi suna da manyan motocin dakon kaya sai ya wayi gari yana ɗauko masu ba da shawara daga nesa, yana biyan kuɗin mota da masauki a kan kuɗin aiki.

A nan 'yan kasuwa suna da abin yi, kuma ba sadaka ba ce. Mai masana'antar da ya ɗauki matashi mai digiri, ya haɗa shi da injiniya mai rajista da zai riƙa duba aikinsa lokaci-lokaci, ya kuma biya masa kuɗin kwas da na ƙungiya, ya sayi ƙwarewa ne tun tana da araha. Gaskiya ne yaron na iya tafiya bayan ya sami hatimi, amma ana iya rage wannan haɗari da rubutacciyar yarjejeniya ta wasu shekaru. Ga mai neman kwangilar gwamnati kuwa lissafin ya fi sauƙi, domin takardun ƙwararrun ma'aikata suna cikin abin da ake dubawa a ayyukan gini, kuma umurnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya ce a fifita ƙwararrun cikin gida a ayyukan kimiyya da injiniyanci.

Ba masu digiri kaɗai rajistar ta shafa ba. COREN tana da rukuni huɗu: injiniyoyi, da masu babbar difloma, da masu ƙaramar difloma, da masu sana'ar hannu irin su walda da haɗa wuta, kowane rukuni da ƙungiyarsa. Garin da ke da Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha, ga kuma garejin kanikawa birjik, ya fi yawan mutane a rukunan ƙasa, kuma su ne hannunsu ke taɓa kankare da waya.

Rajista ba ta hana ha'inci, ba ta kuma sa mai gini ya daina matsa wa ma'aikaci ya rage siminti. Abin da take bayarwa shi ne suna da lamba da wurin kai ƙara, domin majalisar tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon soke sunan wanda aka kama da laifi. Kafin a biya kuɗin kafin alƙalami, mai aiki na iya neman lambar rajistar, ya tabbatar da ita a ofishin majalisar ko ta intanet, ya kuma nemi ganin lasisin aiki na shekarar da ake ciki.